Ruwa a Kan Ruwa

Amya tamanin a bayan motata,
ƙudan zuman Uwargida Ruo ne, ba nawa ba.
Furen kwarin Ya'an ya gama zuba,
na bayan duwatsu ya fara buɗe ido,
shi kuwa ƙudan zuma ba ya jiran direba,
in ya daɗe a rufe zafi ya dafa shi.

Kwana tara sama ba ta ɗauke ba.
A shagon taliya kowa da nasa labarin,
wai ƙasa ta zaftare a lanƙwasa ta sha ɗaya,
wai a'a, tun jiya aka kwashe.

Tsoho Tan Shouye na gefen ƙofa
da ɗan teburinsa mai ƙafa ɗaya a kan bulo,
da kwabbai uku na tagulla masu huda a ciki,
sun yi sulɓi don shan hannu.
Ban cika yarda da shi ba.
Amma yuwan goma ba ta kai kuɗin facin taya ba.

Ya ce, riƙe tambayarka a ciki.
Girgiza. Zuba.
Sau shida na zuba, sau shida ya ja zane,
daga ƙasa yana hawa kamar magini:
karyayye, cikakke, karyayye,
ya tsaya ya kurɓi shayi,
karyayye, cikakke, karyayye.

Ruwa, in ji shi. Ruwa a ƙasa,
a sama ma ruwa.
Na ce, Baba, wannan ai ko makaho ya sani,
dubi rigata.

Bai yi dariya ba.
Na ce, to in tafi ko in zauna?
Ya ce, kwabo ba ya tuƙi.
Ka dubi kwatar nan ta bakin titi,
ka taɓa ganin ruwanta ya yi tsalle?
Duk kwarin da ya tarar sai ya gama da shi
kafin ya san akwai na gaba.
Kada ka tuƙa dutsen nan gaba ɗaya.
Tuƙa taku goman da fitila ta nuna maka.

Da magariba na tashi, a giya ta biyu.
Kowace lanƙwasa in ja birki, in sauka,
tocila a baki, sandar gora a hannu,
ina zungurar gefen hanya kamar mai neman ɓataccen zobe.
Wani yaro mai motar kabeji ya dame ni da ham,
ya wuce, ya jefo mini zagi ta taga.

A ta sha ɗaya hanya lafiya lau.
Sai dai tsakuwa tana gangarowa
ɗaya,
ɗaya,
kamar akuya na yawo can sama cikin duhu,
kuma ruwan da ke bin bango ya yi ja.
Na kashe inji.
A bayana amya tamanin suna gunaguni.
Taba ta jiƙe. Na ƙirga tsakuwa har na ɓata lissafi,
na jira har ta yi shiru,
na ƙara jira, don shirun bai kwanta mini ba,
sannan na lallaɓa, kafaɗar mota na gugar dutse.

Babu abin da ya faɗo.

Rana ta take kafin in isa.
Amya uku sun mutu, Uwargida Ruo ta zare a kuɗina,
ba ta ko ɗago kai ba.
Yaron kabeji tuni ya sayar, yana barci,
ƙafafunsa a waje ta taga.

Har yau ban san ko tsohon ya cece ni ba
ko amya uku kawai ya ci mini.
Takardar dai tana nan, na soke ta a bayan madubi.
Danshi ya narkar da tawadar karyayyun huɗu,
cikakkun biyu ne suka rage,
su nake kallo in hanya ta fara hawa.